Wadannin Inna da Yaƙin Zaune

Ina 'yar shekara takwas Inna, mahaifiyar babanmu, ta taso daga Kano ta tare a gidanmu na unguwar Parkchester a Amurka, hawa na biyar. Abin da ta fara rainawa shi ne rashin murhu. Ta ce gidan da ba a ganin jan wuta a cikinsa ba gida ba ne, asibiti ne. Da mita ta ishi Baba sai ya sayo mata wata 'yar hita mai wayoyi biyu da kan yi ja in sun ɗau zafi. A gaban hitar nan, bayan an yi magariba an ci tuwo, take zaunar da mu ni da ƙanwata Ummi, ta miƙe ƙafafu ta ce, "Ku miƙo kunnuwanku, ga ta nan ta iso." Mu ce ta zo mu ji ta, ba don muna so ba.

Gaskiya ba ma so. Yaran da muke haɗuwa da su a masallaci a Harlem, kakanninsu labarin kura da zomo suke ba su, a yi dariya a tashi. Mu tamu kakar labari ɗaya gare ta, na wadannin dutse, kuma shekara tara ta yi tana jan sa.

Wadannin nan, in ji Inna, tsayinsu bai wuce na turmi ba, gemunsu na share ƙasa, kuma dukkansu maƙera ne. Asalinsu wa da ƙane ne. Ƙanen, Tsito, shi ya fara barin gida ya shiga duwatsu, ya sha yunwa da sanyi, ya haƙa birni a cikin wani tsauni mai arzikin tama, dutsen da ake narkawa a fitar da ƙarfe. Aka kira shi Birnin Tama. Da zama ya yi masa daɗi sai ya aika wa wansa Gundumi ya zo, ya sauke shi, ya ciyar da shi shekara biyu. Daga baya Gundumi ya tsallaka kwazazzabo ya haƙa nasa birnin a tsaunin da ke fuskantar na ƙanensa, inda gawayi yake kwance a cikin dutse. Wannan shi ne Birnin Gawayi. Masu tama ba su da abin hura wuta, masu gawayi kuma ba su da abin narkawa.

Al'adar wadanni ita ce sau ɗaya a shekara a kashe duk wata wutar maƙera, sai ƙarami ya ɗauki kasko ya je gidan babba ya ɗebo garwashi, da shi za a hura wutar sabuwar shekara. Ranar ta zo. Gundumi ya shimfiɗa buzu a ƙofar birninsa yana jiran ƙanensa, tunda shi aka fara haifa. Tsito ma ya shimfiɗa nasa, tunda shi ya fara zuwa dutsen, kuma a dokar dutse baƙo shi ne ƙarami ko da furfura ta rufe masa kai. Kwana uku suna hangen juna, haƙora na kaɗawa. A na huɗu kowa ya shige ciki ya ƙyasta wutarsa a ɓoye, ya fito ya ce wa talakawa daga sama ta sauko.

"To sai me ya faru?" in ji Ummi.

"Sai aka kira taro," in ji Inna.

Kullum sai aka kira taro. Ban taɓa ganin tatsuniya mai yawan taro irin wannan ba. Kowane birni ya yi sarakuna bakwai, kuma sai mun jero sunayensu kafin Inna ta ci gaba. In na tsallake ɗaya a koma farko. A Birnin Tama aka sami jam'iyyar da ke cewa a je a ɗebo wutar a huta, aka aske musu gemu aka kore su. A Birnin Gawayi fadawa suka yi kwana arba'in suna gardama a kan ko aika ɗan saƙo da kasko zuwa ne ko ba zuwa ba ne. Korarrun biranen biyu suka haɗu suka kafa wani ɗan gari a gindin kwazazzabon, ba su da tama ba su da gawayi, amma suka fi kowa ƙiba, don su ke sayar wa kowane ɓangare labarin ɗayan.

A zamanin sarakuna na huɗu aka yarda a gina gada. Kowane birni ya faro daga nasa gefen, shekara goma ana sassaƙa dutse, har ya rage kamu ɗaya a haɗe. Nan aiki ya tsaya, don wanda ya aza dutsen ƙarshe shi ya zo. Ta wannan giɓin talakawa ke miƙa wa juna tama da gawayi hannu da hannu, har ana aure ta nan, amma sarki bai taɓa takawa ba.

Ranar da Inna ta ce an ɗaura yaƙi, ni da Ummi har tafi muka yi. Aka yi shekara ana ƙera takubba da sulke, dakaru suka fito suka yi sahu kowa a ƙofar birninsa. Sai wani dattijo ya tuna musu cewa wanda ya kai hari shi ya fara zuwa. Suka zauna. Wannan shi ne Yaƙin Zaune, kuma ya ci damina uku.

Ummi ta ce, "Inna, so nobody fights? Ba wanda ya mutu?"

"Sanyi ya kashe mutum biyu. Sauran basir ya kama su."

Na tuna yadda haushi ya tuƙe ni a ranar. Na ce mata wannan ba tatsuniya ba ce, wahala ce, kuma ni da ina wurin da na ture sarakunan duka cikin ramin. Ta ce in yi a hankali, su ma 'ya'yan wata ne.

Abin da ban lura da shi ba a lokacin shi ne Inna ba ta fara labarin sai Baba ya dawo daga asibitin da yake aiki ya zauna a teburin cin abinci da takardunsa. In ta iso wajen shimfiɗa buzu sai muryarta ta ƙaru, kamar mun kurmance. Baba ya yi kunnen uwar shegu, in abin ya ishe shi ya ce, "Inna, yaran nan suna da homework fa." Ta ce ai shi take taya mu.

Sai da na kai shekara goma sha huɗu na gane hannunka-mai-sanda ake yi, kuma abin kunya ne a ce na ɗau wannan lokacin. Baba yana da wa, Baffa Sule, mai shagon kayan abinci a Stapleton, wata unguwa can tsallaken ruwa. Baba ne ya fara zuwa Amurka karatu, shi ya yi wa Baffa hanya, a falonmu ya kwana shekara biyu kafin a haife ni. Sallar farko bayan Baffa ya koma nasa gidan, ya sa aka dafa abinci yana jiran ƙanensa ya zo gaisuwa kamar yadda ake yi a gida. Baba kuma ya zauna yana jiran wanda ya sauka a hannunsa ya zo ya nuna ya san alheri. Ba zagi, ba faɗa, ba wanda ya ci wa wani komai. Sallah ta wuce, wata ta zo, shi ke nan magana ta zama dutse.

Ni ke raka Inna Stapleton washegarin kowace Sallah. Mu hau jirgin ƙasa mai lamba shida, mu sauya wani, sannan mu shiga jirgin ruwa, tana riƙe da hannuna tana addu'a har mu sauka. A can Zainab 'yar Baffa ta taɓa tambayata ko mu ma ana azabtar da mu da wadanni. Ashe su ma Inna na ba su, sai dai a nasu labarin Gundumi ne mai taurin kai, a namu kuwa Tsito ne.

A hanyar dawowa, a tsakiyar ruwa, na kasa haƙuri. Na ce, "Inna, ke kika haife su. Kalma ɗaya za ki faɗa. Ki ce wa ɗaya tashi ka je, it's over."

Ta juya ta dubi ruwa. Sannan ta ce, "In na ce wa babanki Bala ya je, na gaya masa wahalar da ya sha a kan ɗan'uwansa ba komai ba ce. Wancan na bakin ruwa kuwa, ɗan fari ne. Ni da ko sunansa ba na faɗa, da wane baki zan ce masa ya durƙusa wa ƙanensa? Duk wanda na tura, na kayar da shi."

"To me kike so?"

"In ga hannunsu a kwano ɗaya kafin in tafi. Ba wani abu ba."

Na so ta ƙwarai, amma ranar ita ma ta ba ni haushi. Kunyar ɗan fari al'ada ce mai kyau a tsakar gidan da kowa ke ganin kowa. A garin da sai an hau jirgi uku kafin a ga juna, ban ga abin da ta amfana mana ba.

Ina shekarar ƙarshe a sakandare Inna ta kwanta ciwo. Wata biyu tana asibiti, 'ya'yanta biyu suna zuwa kullum, ba su taɓa haɗuwa a ɗakin ba. Ni ce mai tsara abin. Baffa ya kira ni ya ce, "Babanki ya fita?" Baba ya ce, "Ki duba mini ko akwai baƙi a ɗakin." Na riƙa yi, ina ganin biyayya nake yi. Ta rasu da hantsi ranar wata Laraba, ba ta ga kwanon nan ba. A jana'iza suka tsaya sahu ɗaya, mutum uku a tsakaninsu.

Sai abin da har yau in na tuna nake jin takaici. Aka yi zaman makoki biyu. Baba ya zauna a Parkchester yana karɓar gaisuwa, don a gidansa ta zauna. Baffa ya zauna a Stapleton, don shi ne babba. Jama'a suka yi ta hawa jirgi suna tsallaka ruwa, su gai da wannan su gai da wancan, kowanne cikin su biyun kuma yana jiran ɗan'uwansa ya zo ya yi masa ta'aziyyar uwar da ta haife su duka. Ni aka ɗora wa kular abinci ina kai wa can. Baffa ya ja ni gefe ya ce, "Yana cin abinci kuwa? Tun yana yaro in ransa ya ɓaci ba ya ci." Na dawo Baba ya ce, "Ya kika gan shi? Ya rame?"

Shekara da shekaru na ɗauka labarin wadanni a kan girman kai yake, kuma yana nan a ciki. Amma da na girma na fi tunanin talakawan nan da ke miƙa kaya ta giɓin gada. Sarakunan ba su taɓa rasa tama ko gawayi ba, ba su taɓa rasa labarin juna ba, to me zai tashe su daga kan buzu? Inna ta yi wannan aikin, da ta tafi na gaje ta, shekara goma sha ɗaya ina kai gaisuwar da ba a aiko ni da ita ba.

Shekara biyu da suka wuce na daina. Baba ya tambaye ni jikin Baffa, don an ce ciwon sukarinsa ya tashi, na ce, "Ban sani ba, Baba. Jirgin ruwan kyauta ne." Ban taɓa yi masa magana haka ba, kuma ya yi sati bai amsa gaisuwata da kyau ba. Baffa ma na ba shi amsa iri ɗaya, Zainab ta bi sahuna.

Watan jiya na je gida, Baba yana gyara tabarau, bai kalle ni ba ya ce, "Jirgin nan naku, a ina ake shigarsa?" Na gaya masa tasha, na gaya masa inda zai sauya, har na ce zan ɗau hutu in raka shi. Ya ce a'a, tambaya kawai ya yi.

Inna ta taɓa ce mana wadanni kan yi shekara ɗari uku-uku a duniya. Su suna da lokacin wannan shirmen. Baba shekararsa saba'in da ɗaya, Baffa saba'in da huɗu.