Gangar Wuta da Tuluna

Mun tashi da asuba ranar Asabar daga ƙauyenmu na bayan Keana, mu biyar a motar coci. Akwai Fasto, da dattijon da ke riƙe da ajiyar coci, da direba, da shugabar mawaƙa, yarinyar da a gabana aka yanke mata cibiya. Sai ni, mai buga tulu a zumuntar mata tun kafin a sa wa cocinmu kwano. Lafia muka nufa mu ga ganga iri biyu a coci biyu, ta fata da ta wutar lantarki, mu zaɓi wadda za a saya. An ce in bi su don mata su sami baki a maganar. Ni kuwa abu ɗaya ya fito da ni: in san ko bayan gangar nan za a ƙara jin tuluna ran Lahadi.

Tun a bakin mota aka fara. Shugabar mawaƙa ta shige gaba, wai baya na sa ta amai. Ni aka cusa ni can baya da ƙullin gishirin da muka ɗauko tsaraba. Na dai gani. Hanya kuwa inda ta yi kyau ta yi, inda ta lalace sai ka riƙe haƙoranka. A Obi muka karya kumallo da masa. Masar yanzu sai ka haɗa uku kafin baki ya san an yi baƙo. Doya ga ta nan tuli a bakin titi, amma da Fasto ya taya sai ya dawo mota yana gyara wuyan riga.

Cocin farko a cikin gari yake, mun same su suna gwajin waƙa. Gangar fata ce, manya da ƙanana, da faya-fayen ƙarfe a sama. Mai bugun ya zuba mata sanda har benci na rawa. Dattijo sai murmushi yake. Ni idona na can gefe, inda wata sa'ata ke zaune da tulu tsakanin ƙafafu. Hannunta na hawa yana sauka, gumi na zuba, amma ko ɗis ba a ji. Kamar mai daka a mafarki. Na ba ta gishiri, ta karɓa ba ta ko dube ni ba.

Daga nan muka haura coci na biyu a unguwar Azuba, inda gidaje ke tsirowa kamar ciyawar damina. Tasu gangar ta wuta ce, wasu faifai baƙaƙe na roba a kan ƙarafa, ba ka ce ganga ba. Da ta yi ƙara sai wani ya murɗa ɗan abu, ta sauko. A nan na ga abin da ya hana ni sukuni. Mai tulunsu, mace ce da ba ta kai ƙanwata ba, an kafa mata makirufo nata na kanta a bakin tulu. Ta buga, sauti ya fito ta lasifika kamar cida daga nesa, na ji shi a ƙirjina. Kuma fa hannunta a makare yake, waƙa na gaba, ita tana bin ta a baya. Ni da na buga a jana'izar iyayen rabin ƙauyenmu, ko sau ɗaya ba a taɓa matso mini da abin nan ba.

Muna cin sakwara da miyar agushi aka yi shawara. Dattijo ya ce ta fata, ba ruwanta da man janareta. Shugabar mawaƙa ta ce ta wuta. Fasto ya juyo ya ce, "Mama, ke fa?"

Na ce, "Ta wuta."

Dattijo ya ajiye loma. "Mama! Ke da ko waya ba ki yarda da ita ba?"

Na ce, "Abin da ake iya rage wa murya ya fi tarbiyya."

A shagon da muka sayi ta wutar aka ɗaure ta cikin kwali. Amma kafin nan mai shagon ya ce bari ya nuna mana wani abu. Ya danna wani maɓalli a ɗan akwatin gangar, ya buga faifan, sai ga muryar tulu ta fito. Tulu sak, ba yumɓu, ba hannu. Shugabar mawaƙa ta tafa tana dariya: "Mama, kin huta ke nan! Komai yana cikin akwatin nan."

Duk hanyar dawowa kwalin yana kan cinyata, don ni ce a baya. Muka iso da yamma, mata suka fito suna guɗa, ba wadda ta tambaye ni gajiya. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, ba iyawa ke sa a ji mutum ba, wurin da ya zauna ne. Wadda ta tsaya jira a matso mata, za ta tsufa tana buga wa kanta.

Washegari Lahadi na riga mai shara isa coci. Na kai tuluna gaban bagadi, na zare makirufon shugabar mawaƙa daga sandarsa, na ɗaure shi da gefen tsohon zane a ƙafar kujera, daidai bakin tulu. Na zauna. Da ta shigo ta tsaya a kaina ta ce, "Mama, ai wannan nawa ne."

Na ce, "'Yata, ba kin ce komai yana cikin akwatin ba? Je ki danna, ki ga ko muryarki na ciki."