Tukunyar Ƙwayoyi a Bayan Kebbe

Mun tashi daga Tambuwal da asuba, ni da ƙanena, kowa a bayan ɗan kabu-kabu, za mu ɗauko ɗansa daga gidan mari a wani ƙauye bayan Kebbe. Saurayin yana da cutar ƙanjamau, yana kuma shan maganinta, amma tiramol da allura sun kama shi. Tun kafin shuka muka kai shi wurin malam, kuma shawarata ce. Ma'aikaciyar jinyar da ke ba mu maganinsa muna aika masa, ita ce ta tsare ni ta ce, "Baba, a kawo shi in auna jininsa. Shaye-shayen ma ciwo ne, likita na duba su tare."

Hanya ta ci ruwa. Direbana ya yi ta rantsuwa cewa ya san kowane rami, kuma gaskiyarsa, don babu wanda bai gaisa da shi ba. A Kebbe muka karya da kunu da ƙosai, ƙosan ya ƙanƙance kamar ana jin haushin mai saye. Daga nan gero ya rufe mu hagu da dama, ya fi mutum tsawo. Muka ratsa wani ƙauye da mutanensa suka tashi saboda ɓarayin daji: ƙofofi a buɗe, turmi a kife, ko kaza babu. Direban ya daina surutu.

Gidan malam ya fi ƙauyen nan shiru. Samari ne zaune a inuwar katanga, ba mai magana, sai ƙarar ƙarfe idan wani ya gyara ƙafa. Duk suka bi mu da ido. Na wuce ɗan namu ban gane shi ba, sai da wata murya ta ce, "Baffa." Wuyansa ya zama kamar kara, bakinsa fari fat da ƙuraje, yana tari ƙasa-ƙasa.

Malam ya karɓe mu da mutunci. Na ce, "Allah gafarta Malam, maganin da muke aikowa fa, yana sha?"

Ya kai mu bayan ɗaki, ya ɗaga murfin wata tsohuwar tukunya. Cike take da ƙwayoyi, ja da fari da kore, damina ta narka su sun dunƙule. A sama na ga robobin asibiti, ko buɗe su ba a yi ba.

Malam ya ce, "Alhaji, ƙwaya ta kawo shi nan, in kuma ba shi ƙwaya? Duk wadda anka kawo, nan nika zuba ta."

Ban iya ganin laifinsa ba. Ranar da muka kawo yaron, kunya ta hana mu faɗa masa ciwon da ke jikinsa. Mun ce kawai maganin ƙarfin jiki ne.

Da na faɗa masa gaskiya, sai ya aika a kira maƙeri. An cire marin, amma har muka kai bakin babur yaron yana tafiya da gajeren taku, kamar ƙarfen na nan. Muka sa shi tsakanina da direbana, na ɗaure shi a jikina da rawani don kada ya faɗi.

Da la'asar muka shiga Tambuwal, kai tsaye asibiti. An ɗebi jini, an ce cutar ta farfaɗo, wataƙila sai an canja masa magani, kuma za a haɗa shi da likitan shaye-shaye a Sakkwato. Ba wanda ya zage shi.

Na dawo gida da sanin cewa ɓoyon da muka yi don kare sunan gidanmu ya kusa kashe mana ɗa. Yana kwance a zaurena yanzu, yana iya shan kunu. Jiya ya riƙe hannuna ya ce, "Baffa, ba ni kaɗai ba ne. Akwai robobin wasu a tukunyar nan, su ma iyayensu ba su faɗa ba."