Gashin Jima a Cikin Siminti

Ko zan manta komai na shekarun da na yi a unguwar masana'antu ta Sharada, ba zan manta ranar da wani tsoho ya koya mini aikina ba.

Lokacin ina bincike a wata masana'antar bulo, ina neman hanyar rage siminti da tokar ɓuntun shinkafa, wanda injinan casa ke zubarwa tuli-tuli. A takarda komai daidai. Amma duk bulon da na buga, da ya bushe sai ya tsattsage kamar fason ƙafa. Manaja ya gaji, ya ce zubi ɗaya ya rage mini. In ya sake tsagewa, ɗakin gwajina ya zama sito. Wahalar shekara biyu ke nan za ta bi ruwa.

Ina tsaye ina harbi da fasassun bulo, sai tsohon da ke ba bulo ruwa, mutumin Challawa, ya ajiye tiyonsa.

"Injiniya, ka sa masa gashi mana."

"Gashi kuma, Baba? Don Allah ku bar ni da abin da ya dame ni."

Bai ji haushi ba. Ya ce mahaifinsa magini ne, kuma in za su yi laso, wato shafen da ke hana ruwa cin katanga, sai sun zuba gashin da majema ke kankarewa daga fata. "Shi ke riƙe shi, ɗana, ba ya bari ya buɗe baki."

Kunya ta kama ni. Na sha karanta yadda masu bincike ke sa siraran zaruruwa cikin siminti don hana tsagewa, ina ta mafarkin na ƙasar waje, alhali ga shi jibge a bayan majemun Challawa, muna wucewa muna toshe hanci.

Muka ɗauko buhu guda a keke napep, direban yana ta mita kan wari. Na wanke, na shanya, na gauraya da siminti da tokar, na buga bulo. Kwana ashirin da takwas Baba yana ba shi ruwa, ni ina leƙe kamar mai jinya.

Ranar gwaji babu tsaga ko ɗaya. Injin matsewa ya danna, ya danna, allurar ma'aunin ta wuce inda ake so. Wallahi sai da na yi ƙwalla. Manaja ya miƙo mini makullin ɗakin gwajin, alamar ba zai zama sito ba, Baba kuwa ya ɗauki tiyonsa ya koma aiki.

Har yau muna kan binciken, da sauran tafiya. Amma tun ranar na koyi cewa kafin in buɗe littafi, in fara tambayar wanda ke tsaye kusa da ni.