Likitan Da Ya Zo Da Maganin Shanu

Masu bin hanyar Gwarzo zuwa Kabo da sassafe sun san farar motar nan mai tsagaggen gilashi. Ta Dakta Mahbub Jibirin ce. Da ya idar da sallar asuba sai ya sha kokonsa a tsaye, ya zagaya waɗanda aka kwantar a asibiti, sannan ya ɗauki hanya. Likitan iyali ne na gaske. In ya duba uwa sai ya ce a miƙo jaririn, ya kuma tambaya ko kakar tana shan maganin hawan jininta. Ƙarshen watan nan zai yi ritaya, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Shekarun baya, da aka ɗora masa kula da lafiyar al'ummar yankin nan, mun zaci ofis zai cinye shi. Ba a jima ba ƙyanda ta ɓarke a wata ruga bayan Mainika, yara suka fara mutuwa. Masu rigakafi sun yi ta zuwa, a tarbe su da fura da nono, amma ba a fito musu da yaro ko ɗaya.

Dakta ya tafi da kansa, ko allura bai ɗauka ba. Direbansa, Malam Zayyad, shi ya ba ni labarin. Suka zauna da Arɗo Jalo, dattijon rugar, a gindin ɗorawa. Bayan doguwar gaisuwa, Arɗo ya ce:

"Likita, bara ciwon huhu ya shiga shanunmu, muka yi ta aike, babu wanda ya leƙo. Yanzu kullum ga ku da allurar yara. Wanda bai damu da abin da muke ci ba, yaya zan miƙa masa jikata?"

Dakta ya ce, "Gaskiyarka, Baba. Ka ba ni 'yan kwanaki."

Ba aikinsa ba ne, amma ya yi ta sintiri wurin wani likitan dabbobi a Kabo, Malam Abdulnasir, har ya amince. Suka dawo rugar a mota ɗaya, da allurar shanu da ta yara. Arɗo ya tsaya da sandarsa yana kallo har aka yi wa saniyar ƙarshe allura. Sai ya waiwaya ya kira matar ɗansa: "Hauwa, kawo Kamila." Da kansa ya riƙe jikar tasa aka yi mata allurar ƙyanda. Kafin azahar allurar yara ta ƙare, aka tura Zayyad Gwarzo ya ƙaro.

Ba duka aka ceto ba. Wani yaro da ciwon ya riga ya ci ƙarfinsa ya rasu washegari, Dakta kuwa yana cikin sahun masu sallarsa. Amma ƙyandar ta tsaya a nan. Daga baya tsarin ya bazu har Getso da rugagen Kabo: ranar allurar shanu ita ce ranar allurar yara, ita ce kuma ranar awon masu ciki.

Dakta, kai ne aka faɗa maka magana mai ɗaci a gaban direbanka, ba ka tashi ba. Kai ne ka koya wa ma'aikatanka cewa wanda ya ƙi ka yana da dalili, a zauna a ji shi. Garkuwar yaran karkara, mun gode. Matasan da ke shigowa aikin lafiya yanzu, ga wanda za ku kalla.

Kwanaki wata malamar firamare a wajen Mainika ta gaya mini cewa a da ba a san sunan Mahbub a rugagen nan ba. Yanzu in ta kira shi a aji, sai ta ce wanne, don yara da yawa ke amsawa.

Allah Ya ba ka hutu mai albarka, Dakta, Ya raya maka takwarorinka.