Ma'aunin Malam Ubaidullah

Malam Ubaidullah magatakarda ne a wani ofis a Anka, mutum mai guga a riga da tsari a magana, wanda ya yi imani cewa duk lambar da bai sani ba ba ta cancanci kunnensa ba. Da 'yan damfara suka dame shi da kira ta intanet, sai ya sa wa wayarsa manhaja mai tace kira. Ka'idarta mai sauƙi ce. Tana duba wa yake kira, wa yake mayar wa kira, da wa yake daɗewa a magana, sai ta buɗe wa waɗannan ƙofa ta toshe saura. Ya yi ta yabonta a gaban abokan aiki, yana cewa ta fi masinja hankali.

Mahaifiyarsa, Inna Salamatu, tana wani ƙauye kusa da Bukkuyum, cutar yanar ido ta rufe mata idanu. Ba ta da waya. Idan ta so ɗanta, takan ari ta duk wanda ya dawo daga kasuwa, yau mai kifi, gobe mai babur, a buga sau biyu a kashe don shi ya kira. Haka talaka ke kiran mai albashi. Shi kuwa ya daɗe da daina mayarwa, sai ya ga dama.

Likitocin ido suka zo Gummi aikin kwana uku kyauta, da sharaɗin kowane tsoho ya zo da mai jinya. Ƙanwarsa Zaliha tana jego. Inna ta sa aka kira shi sau bakwai da lambobi biyar. Manhajar ta auna su da halinsa, ta jefa su cikin masu damunsa.

Bayan mako biyu ya je gida, Zaliha ta gaya masa likitoci sun tafi. Ya buɗe wayar, ya ga kiran a jere, ya shiga dogon bayani kan kuskuren na'ura. Mai hankali ya san na'urar ba ta yi kuskure ba, abin da aka koya mata ta maimaita.

Zaliha ta bari ya gama, sannan ta ce, "Yaya, kahin ka sa abin nan, sau nawa ka kira ta?"

Ya ce ai aiki ya yi yawa.

Inna ta lallaɓo bango ta fito, ta juya fuska wajen da ba ya tsaye, ta yi masa sannu da zuwa. Ta ce an ce likitocin za su dawo baɗi, in da rai, kuma jikan maƙwabciya ya yi alkawarin raka ta.