Hajiya Kulu, wadda ta hana mu yi wa buhu fuska

Yau da safe ina tsaka da dama kunu ɗiyarta ta kira ni. Hajiya Kulu ta rasu, jim kaɗan bayan asuba.

Na Allah ne mu, wurinsa kuma za mu koma. Na kasa kuka, na kasa tashi, sai da kunun ya kama.

Ga waɗanda ba su san ta ba, ita ce shugabar ƙungiyarmu ta mata masu sana'ar albasa. Tana Jega Magaji, ni ina Aliero. Ta daɗe tana koyarwa a sakandare kafin ta ajiye aiki. Da jikokinta da komai ta koma jami'a karatun harkar kasuwanci, ta tafi Juma'a ta dawo Lahadi. Mun yi mata tsiya sosai. Na ce, "Yaya, wa za ki kai ma takardar? Ko aiki za ki koma biɗa?"

Ta ce, "Luba, ba takarda nika biɗa ba. Tambayoyi gare ni, can kuwa akwai masu amsa."

Haka ta yi kuwa. Kafin ta tafi sai ta bi mu ɗaya ɗaya, mi ke damun ki a sana'a? Wadda albasarta ke ruɓewa a rumbu, wadda dillali ke juyawa, duk ta rubuta ta kai wa malamansu da 'yan ajinsu. Ranar Litinin ta zauna kan tabarma tare da mu ta warware mana lakcar da Hausa. In ba a gane ba, ta ce laifinta ne, ta sake.

Karatun bai bar ta yadda take ba. A da, Yaya akwai faɗa, ba ta barin mutum ya kai ƙarshen magana. Wata rana an haɗa su aikin rukuni, wata 'yar ajinsu sa'ar ɗiyarta ta faɗa mata haka a ido. Ta dawo ta ba mu haƙuri a gaban kowa. Daga ranar, in wata ta fara magana a mitin, sai ta jefa goro a baki don kada ta katse ta. In ka ga ta ɓara na biyu, to ka san maganar ta ɓata mata rai.

A ajin nan ta haɗu da wani Alhaji mai kai albasa manyan gidajen abinci a Abuja. Sharaɗinsa ɗaya: manya daban, matsakaita daban, ƙanana daban.

To kowa ya san yadda muke ɗura buhu. Ƙanana a ciki, manya jajaye a baki. Fuska muke ce mata. Haka na taso na ga ana yi, ban taɓa ɗauka laifi ba ne. Ranar lodin farko Alhajin ya nuna buhu ɗaya ya ce a zazzage.

Buhuna ne.

Ƙananan suka watse har ƙarƙashin mota. Na ja mayafi na rufe fuska. Ya ce ya fasa, ya nufi motarsa. Yaya ta bi shi ta roƙi kwana uku mu sake zaɓen albasar. Ta dawo ta taya ni tsincewa.

Washegari a mitin ta ce, "Daga yau babu buhun da za a ɗinke sai Luba ta duba shi." Mata suka kwashe da dariya. Wata ta ce, "Hajiya, ita hwa ta ja muna kunyar ga!" Ta ce, "Awo. Cikinku wa ya kai ta sanin inda aka ɓoye ƙananan?"

Na karɓi aikin da kunya, na riƙe shi da gaske. Ko buhun ƙanwar mahaifiyata na sa an zazzage, ta yi sati ba ta amsa gaisuwata. Alhajin ya dawo, kuma tun daga lokacin bai sake cewa a kwance masa buhu ba.

Haɗuwarmu ta ƙarshe satin da ya wuce ne. Mun je Karaye wurin matan da ke son shiga ƙungiya, muka tsaya tashar Maiyama jiran mota. Ta sayo mana fura, tata babu sikari saboda likita ya hana. Ta ce, "Lodi mai zuwa ke za ki tsaya gaban Alhaji. Ni zan zauna baya in ci gorona."

Na ce, "Yaya, ni da na tsaya aji shida? Ko Turancin gaisuwa ban iya ba."

Ta ce, "Da Turanci aka zaɓen albasa? A makaranta an ce muna shugabar da in ba ta nan aiki ya tsaya, ba ta gama aikinta ba. Kar ki sa in faɗi jarrabawa."

Na yi dariya na ce a'a, a bar ni da buhuna. Motar Jega ta cika, ta shiga tana ɗaga mini hannu. Amsar da ta tafi da ita ke nan daga bakina, kuma ita ce ta fi ci mini rai yau.

Tun ɗazu mata ke kira na suna kuka, suna tambaya ko a gaya wa Alhaji an fasa lodin sati mai zuwa, tunda babu mai tsayawa.

Ba a fasa ba. Za mu yi zaman makoki, in an share mu koma bakin aiki. Na kira Alhajin da kaina na faɗa masa rasuwar, ya yi mata addu'a, sannan ya ce wa zai samu a wurin lodi. Na ce ni, Luba.

Allah ya jiƙan Hajiya Kulu, ya yafe mata kurakuranta, ya haskaka makwancinta. Ilimin da ta ɗauko ta raba mana, Allah ya sa ya zame mata sadaka mai gudana. Ya ba 'ya'yanta da jikokinta haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta, kar ya wuce bai yi mata addu'a ba. In kun gama, ku sa ni ma a ciki, Allah ya ba ni ikon riƙe matan nan yadda ta riƙe mu.