Azumin Rumfar Hannatu

Hannatu Ladan ta ce saboda Allah ne ta ara wa Kiristocin Nuba rumfar gidanta a Umdurman ta Sudan. Ni da na san ta tun tana soya zalabiya a bakin kasuwa, na san da wani dalilin. Tun da yaƙi ya kwashe 'ya'yanta zuwa Gadarif, gidan ya yi shiru har tana yi wa tukwane faɗa.

Maƙwabciyarta Awadiyya ce ta roƙa. Rufin cocinsu ya rufta a yaƙin, limaminsu Abuna Tiya kuwa ya daina jiran gini. Gida-gida yake bi a keke, da ƙoƙon ibada da farin ƙyalle a jaka. Inda aka ba shi inuwa, nan ne coci a ranar.

Lahadin farko Hannatu ta soya zalabiya, ta dafa gahawa mai citta. Suna shigowa ta tare su da faranti. Kowa ya dafe ƙirji, ya yi murmushi, ya wuce. Har Awadiyya! Hannatu ta koma ɗaki da farantinta, ta banko ƙofa. Wata Lahadin ma haka.

Ranar sai ta tare Awadiyya a zaure, don ta san in suka tafi shirun zai dawo.

"Inuwata halal, abincina haram ko? Khalas, shi ke nan, ku nemi wata rumfar."

Awadiyya ta yi dariya har ta dafa bango. "Ya hajja! Azumi muke yi. Ba ma cin komai sai mun karɓi Jibin Ubangiji, gurasa da ƙoƙon ibada. Muna idarwa kuma kin kulle ƙofa, kin bar mu da ƙamshi. Abuna har wa'azi ya ɓace masa."

"Azumi? Har zuwa yaushe?"

"Awa guda."

"Awa guda! Wannan ai jiran mota ne, 'yar nan."

Amma a ranta ta yi hamdala.

Yanzu kowace Lahadi tana zaune bakin murhu da carbinta, kunnenta na kan waƙar ƙarshe. Da Abuna ya naɗe ƙyallensa sai ta fito, faranti a ka.

"To masu azumi, a sha ruwa, kar wani ya suma!"

Ba wanda ke tashi sai la'asar. Tukwane sun huta da faɗa.